Dutsen da Auta Ta Rage wa Baba

A tashar manyan motoci babu wanda ya san shi da wani suna sai Sannu-Sannu. Ba sanyin jiki ya jawo masa sunan ba. Shi dai bai taɓa yarda mota ta yi gudun da ya fi ƙarfin birkinta ba. Da ƙuruciyarsa ya hau tirela, da furfura ya sauka, kuma kusan duk rayuwarsa hanya ɗaya ya bi: ya yi lodin siminti a masana'antar da ke can ƙasa, ya hau tsaunuka, ya gangaro garin da iyalinsa suke. Matasan direbobi kan wuce shi suna danna oda suna masa dariya. Can gaba sai ya tarar da su a gefen hanya sun buɗe inji, ya tsaya ya ba su ruwa da sifana, ya ƙara musu da wa'azin da ba su nema ba.

A kan hanyar akwai wani gangare mai kwane-kwane a jere, direbobi suna kiransa Sai-Salati, don kafin ka kai ƙasa ko ba ka yi niyya ba sai ka yi. Nan ne abin alfaharin Sannu-Sannu. Bai taɓa ko goge fenti a wurin ba, kuma duk wanda ya zauna da shi ya sha shayi sai ya ji wannan labari, ko yana so ko ba ya so.

'Ya'yansa biyu ne suka rage kusa da gida, kuma babu wanda ya gaji mota. Babban, wanda kowa ke ce wa Yaya, shagon gem ya buɗe a bakin titi, inda samari ke cika suna buga ƙwallo a talabijin suna ihu. Auta kuma a ofishin safiyo take aiki. In an tambayi Baba me take yi a can, sai ya ce, “Zanen ƙasa take yi. Ƙasar da Allah ya riga ya gama, ita ce take sake zanawa.” Yana sonta kamar ransa, amma aikinta bai taɓa shiga kansa ba, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba.

Bayan ya ajiye tuƙi ne ciwon ya same shi. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, sai ɓarin jikinsa na hagu ya ƙi bin umarni. Aka kwana biyu a asibiti. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, amma hannun hagu ya kwanta a cinya ya ƙi tashi. Malamar da ke masa gashi ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce masa, “Baba, hannun nan da sauran rai a ciki. Amma in bai yi aiki ba yatsun za su naɗe su sandare, kuma in suka sandare ni da kai mun gama.” Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa.

Ƙwallon bai kwana a hannunsa ba. Ƙarƙashin gado Inna, matarsa, ta riƙa sharo shi kullum.

“Ni da na riƙe sitiyarin tirela,” in ji shi, “yau ni za a ba abin wasan jarirai?”

“To ka zauna da girman kanka,” in ji Inna. “Shi zai ɗaura maka wando.”

Gaskiyar magana tsoro yake ji. Duk lokacin da ya matsa ƙwallon ya ga ko lotsawa bai yi ba, sai zuciyarsa ta karye, ya ga gara ya ce ba ya so da a ga ya kasa. Yatsun kuwa sun fara lanƙwashewa, ƙaramin ya riga sauran.

Yaya ya yi tasa dabarar. Ya kwaso sitiyarin gem daga shago, da sandar giya da abin takawa na totur da birki, ya ɗaure su a teburin falo gaban talabijin, ya kunna wasan tuƙin babbar mota. Baba ya ɗan murza da hannun dama, ya dubi titin wata ƙasa shimfiɗe sumul babu ko rami, ya ture kujera baya.

“Wannan hanya ce ko tabarma? Kwashe kayanka.”

Ba a kwashe ba, don Auta ta ce a bari. Ranar hutunta ta zo da kwamfutarta, ta ture kofuna da ledar magunguna gefe, ta zauna kusa da shi ta buɗe wani hoto toka-toka, nan fari nan baƙi.

“Hoton ƙirjin waye kuma wannan?” in ji Baba.

“Hanyarka ce, Baba. Tauraron ɗan'adam ya auna tsayin ƙasa daga sama. Inda ka ga fari tudu ne, inda ka ga baƙi kwari ne. Wannan farin sol ɗin shi ne kan dutse, inda kuke tsayawa inji ya huce.”

“Wa ya ba ki?”

“Waɗanda suka auna ne suka saka a intanet, duk mai so ya ɗauka. Da irinsa muke aiki a ofis. In na zuba shi cikin gem ɗin Yaya, ƙasar za ta tashi yadda take, sai in ɗora titi a kai.”

Bai yarda ba, amma bai tashi ba. Yana kallo ta danna wani abu, shimfiɗaɗɗen fili ya kumburo ya zama tuddai da kwaruruka, tsirara babu ciyawa. Ta ɗauko layin titin daga taswira ta kwantar a kai. Titin ya fito da ƙulu-ƙulu, wani wuri ya nutse cikin ƙasa, wani wuri ya rataye a iska, don awon daga nesa aka yi shi, har kan bishiyoyi ya ɗauka a matsayin ƙasa. Sai da ta bi shi kwana-kwana tana gyarawa da hannu, hutu bayan hutu. Abin da tauraro bai gani ba kuma sai ta tambaya.

“Baba, gadar nan ta ƙarfe ce ko ta kankare?”

“Ta ƙarfe. Kuma ƙunci gare ta, mota biyu ba sa haɗuwa.”

“Rumfar mai facin fa, dama take ko hagu?”

Rabon da a tambaye shi wani abu ban da “ya jiki” har ya manta. Sai ga shi yana jiran ranar hutun Auta, yana aika Inna ta leƙa ko ta iso.

Ran da aka gama, da hantsi, Yaya ya rufe shago ya zo. Aka zaunar da Baba gaban sitiyari. Talabijin ta kawo, sai ga ƙofar masana'anta, ga titi ya miƙe, can gaba ga tsaunin nan mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadda ya saba ganinsa ta gilashi tun yana saurayi. Ya yi gyaran murya, ya ce fankar ce take sa masa ruwa a ido, ya tayar da mota.

Ya wuce gada. Ya wuce rumfar mai faci, har ya danna masa oda. Inna tana tsaye bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu tana ta murmushi. Sai aka fara hawa, murnar Baba ta fara raguwa. Motar tana haurawa a babbar giya, inji ko nishi ba ya yi. Ya kai kan dutse, ya shiga Sai-Salati, ya gangara da hannu ɗaya yana ɗan taɓa birki, kamar mai zuwa cefane. Bai kai ƙasa ba ya tsayar da motar a tsakiyar titi.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Wa ya rage dutsen nan?”

Yaya ya dubi silin. Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ta ce akwai wurin da ake rubuta tsayin dutsen, ita kuma ta rubuta rabi. Ta ji tsoron kada ya faɗa rami tun ranar farko, ya yi fushi ya ce a kwashe.

Ransa ya ɓaci sosai, ɓacin da ya daɗe yana taruwa. “Tun da na kwanta kuke rage min abubuwa,” ya ce. “Kun rage min gishiri. Kun rage min baƙi. In na shigo kuna hira sai ku rage murya. Yanzu har dutse kun rage min? Dutsen da na hau kafin a haife ki?”

Auta kuwa ba fuskarsa take kallo ba. Hannunsa na hagu take kallo, yana kwance a cinya inda yake tun da aka kunna talabijin. Hanyar da ta sassauta ba ta neman canjin giya, saboda haka hannun dama bai taɓa barin sitiyari ba, na hagun kuma bai sami dalilin tashi ba. Duk wahalar da ta sha don hannun ta sha, tausayinta kuma ya ba shi hutu.

“Ka yi haƙuri, Baba,” ta ce. Ta jawo kwamfuta, ta goge lambar, ta rubuta ta gaskiya. A gaban idonsu tsaunin ya miƙe tsaye, kwarin ya zurma, titin ya maƙale a jikin dutse siriri.

“Yauwa,” in ji Baba. “Ga shi nan, mugun. Kuma ki yi min lodi. Ban taɓa hawansa da mota fanko ba.”

Ta cika motar da siminti. Tun daga gindin hawa inji ya fara kuka, dole a sauke giya. Baba ya dubi sandar giya a damansa, ya dubi sitiyari. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, “Kai, ɗora min hannun nan.”

Yaya ya ɗaga hannun hagun, ya buɗe yatsun a hankali, ya ɗora su a kan sitiyari. Da ƙyar aka kai sama. A kwanar farko ta Sai-Salati Baba ya ɗauke hannun dama ya kai kan giya, sitiyari ya zame daga yatsun hagu, tirela ta yi tsalle da simintinta ta tafi ƙasa tana juyi. Inna ta saki salati da ƙarfi har ludayi ya faɗi.

Direban da bai taɓa goge fenti a wurin ba ya zauna yana kallon tayoyinsa a sama. Auta tana jiran ya ce a kwashe.

“Tayar da ita,” ya ce.

Maɓalli ɗaya aka danna, mota ta dawo kan dutse ba ko ƙwarzane. Baba ya girgiza kai. “Da haka ake yi a zamaninmu, da mutane da yawa suna nan.”

Daga ranar falon ya zama tasha. Bayan karin kumallo zai zauna, Inna ta ɗora masa hannun, ya yi lodi ya kama hanya. Ya faɗa ramin nan har Inna ta daina salati, sai dai ta leƙo daga kicin ta ce, “An sake zubar da simintin mutane?” Wata rana zufa ta jiƙa masa riga, wata rana ya kashe talabijin ya ƙi magana da kowa. Amma gobe zai dawo, don bai iya kwana da sanin cewa motarsa tana cikin rami ba. A hankali ya daina kiran a ɗora masa hannun. Yakan ja shi da kansa, ya jefa kan sitiyari, yatsun su laluba su kama.

Yakan yi tunanin mutanen da suka auna dutsen daga sama suka bar wa duniya. Bai san su ba, ba su san da wani tsohon direba mai shanyayyen hannu ba, amma yana sa musu albarka. Ya kuma daina cewa Auta tana zana abin da aka riga aka gama. Wani tsohon abokin tuƙinsa ya zo dubiya, Baba ya nuna masa talabijin ya ce, “Ka gane nan? Yarinyar nan ce ta ɗauko shi ta kawo min falo.”

Wata ranar hutu da la'asar Auta ta shigo ta tarar da shi a kan dutse, ya tsaya inji yana hucewa. Ta ajiye jaka ta zauna a hannun kujera. Ya shiga gangaren. Kwana ta farko ya sauke giya, sitiyari ya yi rawa, ya tsaya. Ta biyu jijiyoyin bayan hannunsa suka taso. A ta ƙarshe, mai kaifin, motar ta leƙa bakin rami, hannun dama yana kan giya, na hagun shi kaɗai ya murzo ta ya dawo da ita kan titi. Ya sauka har ƙasa, ya faka a gefe yadda ya saba, ya kashe inji.

Ya daɗe yana haki. Godiya ta cika masa ciki, shi kuma mutum ne da ya iya wa'azi amma bai iya wannan ba. Ya miƙa hannu ya kamo wuyan hannun 'yarsa.

“Auta, Allah ya yi miki albarka. Na gode. Kin ji? Na gode.”

“Amin, Baba,” ta ce, hawaye na zubo mata tana dariya. “Amma sassauta, wallahi da zafi.”

Sai a lokacin ya duba ya ga da wane hannu ya riƙe ta. Bai sassauta ba.

“Innarsu!” ya ƙwala kira. “Bar tukunyar nan ki zo. Zo ki ji abin da yarinyar nan take cewa.”