Ranar da na tarar ana sake sallar da na ja

Assalamu alaikum. Na yi shiru da yawa, har wasu suka koma tambayar 'ya'yana ko ina raye. Ina nan, Alhamdulillahi.

Ga wanda bai san ni ba, tela ne ni a Fagge, kuma ni nake jan sallah a ɗan masallacin layinmu tun gemuna yana baƙi.

Wata safiya kofin koko ya suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki zan yi wa maiɗakina, Hajiya Binta, faɗan ta cika shi da yawa, sai maganar ta fito a karkace. A adaidaita sahu aka kai ni asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jini ne sila, wanda ba na shan maganinsa sai ranar da kaina ya yi ciwo.

Ƙarin ruwa, awon jini, sannan watanni ana gashin ƙashi. Na ji tsoro ƙwarai. Amma hannu ya dawo, ƙafa ta dawo. Kowa ya ce Malam ya warke, ni ma na yarda, na koma gaban sahu.

Karatu bai gudu ba, haddata tana nan daram. Sai dai in ɗago daga sujada in rasa zama zan yi ko miƙewa. Da farko mamu suna ce min "Subhanallah", ni kuwa sai in ƙara rikicewa. Daga baya na daina jin kowa, na ɗauka na gyaru.

Wata La'asar na manta carbina, na koma ɗauka. Na tarar da mutanen da na sallame yanzun nan sun sake yin sahu, Alhaji Sabo, abokina tun na ƙuruciya, yana gaba.

Na jira suka idar. Ya kasa kallona, ya ce, "Malam, uku ka yi. Ba yau aka fara ba. Kunyarka muke ji."

Na ji haushi, na ji kunya, na yi kuka a shago. Kara suka yi min, amma karar nan ta ɓoye min ciwona.

Makon nan kuma na yanka wa Mama Ngozi hannun riga na hagu har biyu. Tsohuwar nas ce a Sabon Gari, ni nake mata ɗinkin zuwa coci. Ba ta yi faɗa ba. Ta samu Hajiya ta ce wannan ba tsufa ba ne, a mayar da ni asibiti.

A asibiti aka sa ni zana agogo, na jera lambobin a gefe guda. Aka ce sai hoton ƙwaƙwalwa, wanda sai da keken ɗinki ɗaya ya tafi kafin a yi shi.

Likita ta nuna min fararen ɗigo-ɗigo a hoton. Ta ce, "Baba, babban titin jini ne ya toshe ranar da ciwon ya same ka. Amma ƙananan jijiyoyin jini, lungunan ciki, sun daɗe suna tsukewa. Shi ya sa tunani yake nauyi, tsari yake ruɗewa." Ta ce abin da ya lalace ba lalle ya dawo ba, amma ana iya kare saura.

Da kaina na miƙa wa Alhaji Sabo limanci. Ban taɓa yin abu mai nauyinsa ba.

Yanzu magani kullum, gishiri kaɗan, tattaki zuwa unguwar Bata da safe, aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Kaina ya fi da sauƙi, ko da yake bai koma yadda yake ba.

Na gode wa Allah, da Hajiya, da Mama Ngozi, da ku. Ku riƙa auna jininku, kada ku jira ciwon kai. In naku ya tashi daga wannan ciwo, kada ku tsaya a hannu da ƙafa, ku lura da tunaninsa. In kun ga sauyi ku faɗa masa, kada ku yi masa kara.

Jiya a Azahar Alhaji Sabo ya zauna a raka'a ta uku. Ina bayansa a sahun farko. Ni na fara cewa, "Subhanallah."