Gidan da Aka Zana a Ƙasa

Ina cikin keke, an kusa Gyallesu, Kawu Sani ya kira ni. "Hadiza, sai haƙuri. Inna ta cika." Na ce wa mai keken ya juya Tudun Wada. Ban yi kuka ba sai da na ga tabarmi a ƙofar gida.

Inna kakata ce, ita ta haifi babanmu. Muna yara, in an sauke tuwo, takan zauna gefen murhu tana tura guntun itace da ƙafa, mu kewaye ta. Tatsuniya ɗaya ta fi maimaita mana, ta wani mutum mai basira da ya zana gidan da zai gina a kan ƙasa da tsinke. Har soro, har rijiya. Mutane suka taru suna yabo. Damina ta zo ta wanke zanen, ya sake wani wanda ya fi kyau. Maƙwabcinsa bai iya zane ba, amma ya ce kullum tubali goma, kuma kafin ruwan fari zai yi rufi. Ya yi. Shi kuwa mai zane ya tsufa a zauren maƙwabcin, yana ba yara labarin gidansa.

Mukan yi dariya. Ita ba ta yi. "Ku yi ta dariya, 'yan nema. Duk wanda ya ce zai yi, ku tambaye shi ran yaushe."

Ita ta koya mini ɗinkin hula. In na kawo aiki, sai ta shafa da yatsa, ta sa allura ta warware layi guda. "Kin fi haka, Dije." Na sha yin fushi.

Da na girma, na cika littafi da zanen huluna nawa na kaina, amma na kasuwa nake ɗinkawa, irin na kowa. Bara na gaya mata zan ɗinka hula ɗaya da zanena. Idonta ya riga ya tafi. Ta ce, "Ran yaushe?" Na ce kafin azumi. Azumi ya wuce, na ce Babbar Sallah. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Hannuna na jira."

A da na ɗauka tatsuniyar malalaci ce. Mutumin nan ba malalaci ba ne, kullum yana aiki. Tsoro yake ji kada ginin ya kasa kai zanen.

Na fara hular bayan Sallah. Na kai rabi, allurar tana soke a jikinta. Inna ba ta taɓa ta ba.