Kwarin da Ke Neman Kabarin Kakana

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Malam Habu. Ina aji biyar na firamare ya rasu, yanzu ina sakandare. Ba ni da yawan magana, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki. Amma daminar bana ta sa na kasa yin shiru.

A bayan ƙauyenmu, ta hanyar Sule Tankarkar, akwai wani fili da masu aikin titi suka haƙa burji tun ina goye. Da suka gama sai suka cike ramin, suka baje ƙasa, suka dasa maina layi-layi, suka tafi. Filin ya ɗan gangara, kuma a ƙarshen gangaren maƙabartarmu take. Mai unguwa ya ɗora wa Kaka kula da shukar, don gonarsa ce ta fi kusa.

Ni ce mai kai masa fura. Da ya hango ni sai ya ce, “Amarya, kin makara. Sakinki zan yi in auri mai ƙafa.” Sai in sunkuyar da kai in zauna a gefe ina kallo. Bai tsaya ga bishiyoyin ba. Gamba ya riƙa tonowa daga iyakar gonarsa, yana dasawa a gicciye, yadda ruwa in ya gangaro zai ci karo da ita. Inda ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, sai ya sassara ƙananan ramuka ya zuba taki.

Idan an ɗauke ruwan sama, ba ganyen bishiya yake dubawa ba. Can ƙasan gangaren yake zuwa ya tsuguna, ya kamfato ruwan da ke gudu a tafin hannunsa. In ja ne, sai fuskarsa ta canza. In ya fara washewa, sai ya miƙo mini ya ce, “Duba, amarya, ƙasa ta daina kuka.” A daminarsa ta ƙarshe ruwan ya kusa zama garau. Na ga tururuwa ta yi gida a gindin gambar, na ga kashin tana, har wata kurciya ta yi ƙwai a ciki. Ma'aikatan da suka zo duba filin a shekarar sun ƙirga bishiyoyi, sun taka ƙasar, sun ce wurin ya kama. Gaskiya suka faɗa, a lokacin ya kama.

Kaka yana barin mutane su yanki gamba don zana, amma sai iri ya zuba, kuma ba a taɓa saiwa. Bayan rasuwarsa aka yi rani biyu masu tsanani. Abincin dabbobi ya yi wuya. Aka fara da yanka, aka koma sharar busasshiyar ciyawa da manjagara ana ɗurawa a buhu zuwa kasuwar Maigatari, daga baya aka shiga tumɓuke gambar da fartanya. Ba zan zagi kowa ba. Wanda tunkiyarsa ke faɗuwa a gabansa ba ya jin wa'azin baɗi, kuma tumakin gidanmu ma ba iska suka ci ba. Sai dai an ce ɓarna ba ta da wuya, gyara ke da aiki.

Yau idan ka wuce a kan babur za ka ce wurin ya yi kyau. Mainar ta girma, ta yi duhu, har masu achaba na hutawa a inuwarta. Sai ka sauka ka shiga za ka ga ƙasan fayau, babu ko tsinke. Saiwoyin bishiyun sun fito waje kamar jijiyar hannun tsoho. A tsakiya kuma wani kwari ya buɗe. Bara waccan da bara ina tsallake shi da tulu a kaina. Bana saniya ta faɗa ciki, sai da aka sa igiya.

Kwarin nan kuwa maƙabarta ya nufa. Mu mata ba ma shiga can, don haka ban taɓa ganin kabarin Kaka ba. Abin da na sani kawai, Baba ya taɓa nuna mini wata aduwa daga nesa ya ce a kusa da ita yake. Kullum in na dawo daga makaranta ta nan nake bi, in tsaya a bakin filin in dubi aduwar, in dubi bakin kwarin. Mazan gari sun jera buhunan yashi sau biyu, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsu. An ce an kai kuka sama, an ce za a zo.

Nakan tambayi kaina me Kaka zai ce da yana nan. Ina jin ba zai ce komai ba. Fartanya zai ɗauka ya tafi neman gamba. To amma a ina zai samo ta? Ko a iyakar gonarsa babu saura.

Bayan ruwan makon jiya, Baba ya dawo da jar laka har gwiwa. Na kawo masa buta, sannan na tambaye shi.

“Baba, kwarin ya kai wurin aduwar?”

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Can ya ce, “Daga yanzu ta yamma za a riƙa binne mutane. Ki yi masa addu'a, Hafsatu, ita ba ta buƙatar sanin wuri.”

Na zauna ina lissafa abin da ya rage na Kaka. Bishiyoyin ba shi ya dasa ba. Ƙasar da ya tare ta tafi. Abin da ya saura shi ne suna: har yau Gambar Malam ake kiran filin. Ƙanwata da aka haifa bayan rasuwarsa ta tambaye ni mece ce gamba, na duba ko'ina ban sami ko ƙwara ɗaya da zan nuna mata ba.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta rufa masa asiri, ko da mu mun kasa.