Yadda Muka Samo wa Baba Lauya

Babana matuƙin kwalekwale ne a kogin Binuwai. Tun kafin a haife ni yake ɗaukar mutane da buhunan gyaɗa tsakanin garinmu Garwa, a ƙasar Kamaru, da ƙauyukan bakin ruwa. A Jimeta ta Najeriya ya girma, wajen kawunsa, shi ya sa Hausarsa ta fi Fillancinsa daɗi, mutane kuma suka ɗauka ɗan Najeriya ne. Bai taɓa damuwa ya gyara musu ba.

A lokacin shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, can Najeriya kuma ana yaƙi, sai aka tsananta bincike a bakin kogi. Wata safiya jandarmomi suka tare Baba suka ce ya nuna takardunsa. Ba shi da ko ɗaya. Aka kai shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka ce baƙo ne da ke zaune ba izini, kafin watan ya ƙare za a tsallaka da shi iyaka. Wani jandarma mai kirki ya rako shi ƙofa, ya raɗa masa: "Tsoho, je ka nemi avoka."

Ina gidan aurena labari ya same ni. Na taho da gudu, goyo a baya. Na zaci kuka zan tarar, sai na iske tsakar gidanmu maƙil da maza: masunta, mahauta, wanzamin Baba, har da mai faci. Inna tana ta dama fura, idonta ja.

"Baba, taron me ake yi?"

"An ce in nemi abokai," in ji shi. "Ga su nan, wasu ma suna hanya."

Cikinsu akwai maƙwabcinmu mai sayar da dankali, Kirista ne, mutumin duwatsu, wanda ya ɗan taɓa makarantar mishan. Ya sa Baba ya maimaita abin da jandarma ya faɗa. Da ya ji, ya yi dariya har sai da ya zauna kan turmi.

"Maigida, ba abokai ya ce ba. Avoka, lauya ke nan da Faransanci, mai tsaya wa mutum gaban hukuma."

Gidan ya kaure da dariya, har Inna. Wanzami ya ce to ai shi ba ya tashi sai ya sha furarsa.

Babu wanda ya taɓa ganin lauya a cikinmu. Washegari ni da maƙwabcin nan muka fita nema, don na yi firamare, ina ɗan jin Faransanci. A gindin darbejiya kusa da ofishin ferefe, wato shugaban gunduma, muka sami wani mai tebur da tabarau, ya ce shi ne lauyan, ya fi lauya ma. Na yi murna, amma maƙwabcinmu ya ja ni gefe ya ce wannan marubucin wasiƙu ne kawai. Muka yi ta tambaya, daga kanti zuwa kanti. A ƙarshe wata mata 'yar cocinsu, mai yi wa ma'aikata wanki, ta ce tana goge wa wani baƙar riga mai faɗin hannu, wadda ba ta limamin coci ba ce. Ita ta nuna mana gidan.

Saurayi ne siriri, mutumin kudu, zafin Garwa ya sa shi gaba, yana ta fifita da jarida. Ya ba mu kujeru, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce ba zai ce komai ba sai ya ga mai maganar da idonsa. Da muka koma gida, Baba kuwa ya ce shi ma ba zai ba wa mutum wuyansa ba sai ya gan shi. Amma ba zai je ofis ba, a zo bakin kogi.

Lauyan ya zo, da takalmi sau ciki. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Tambaye shi, ya iya ruwa?"

Na fassara. Metir, haka ake kiran lauya, ya ce ko kaɗan.

"To ya shiga."

Ya shiga, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Sai da muka kai tsakiyar kogi Baba ya ajiye filafili, ya ce, "Yanzu ransa yana hannuna, kuma zan mayar da shi lafiya. Shi fa, zai mayar da ni gida?"

Metir ya ce ba zai yi alkawarin abin da ke hannun alƙali ba, amma zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Baba ya gyaɗa kai, ya ce da ya yi alkawari da bai yarda da shi ba. Nan cikin jirgi aka shirya batun ladansa.

A hanyar dawowa Metir ya yi tambayar da babu wanda ya yi: "A ina aka haife ka, Baba?"

"A wani ƙauye bakin kogin Faro. Ina ƙarami aka kai ni Jimeta."

Metir ya manta da tsoro, ya miƙe tsaye, jirgi ya karkata, muka yi ihu ya zauna. Ya ce ai ƙauyen nan cikin Kamaru yake. Baba ba baƙo ba ne, takardar haihuwa ce kawai ba shi da ita, kuma kotu tana bayarwa idan an kawo shaidu. Ya nemi a dakatar da korar, aka dakatar. Mijina ya tafi ƙauyen ya ɗauko Gwaggo, yayar Baba, wadda ta goya shi.

Ranar shari'a Gwaggo ta shiga da sandarta. Alƙali ya tambaye ta, ta bakin tafinta, ko ta tabbata a ƙauyensu aka haifi wannan mutum. Ta ce ita ta ɗebo ruwan wankansa na farko, kuma tun ranar yake da taurin kai. Ta fara ba da labarin yadda ya faɗa rijiya yana rarrafe, sai da Metir ya roƙe ta ta tsaya. Alƙali ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wani tsoho ɗan ƙauyen shi ma ya ba da shaida. Kafin azahar an gama, kotu ta ba Baba takardar haihuwarsa.

Aka kai Baba gidan mai hoto don katin shaida. Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya ƙi yin murmushi, wai hukuma ba wasa ba ce. Inna ta yanka zakaru, ta aika wa Metir da kwano guda, yaji ya sa shi hawaye amma ya cinye.

Gwaggo ta ce kwana biyu za ta yi ta koma. Ta ga famfo a bakin titi, ta ɗanɗana burodi da shayi, ta ce ƙafarta na ciwo. A gidanmu ta ƙare rayuwarta, ita ta yi renon 'ya'yana duka.