Kujerar da ta sauke Baba

Ɗazu na ga wata yagaggiyar kujerar mota a gareji a Gaya, raina ya ɓaci.

Zamanin gyaɗa ina da akori-kura mai dogon benci, mu uku muke zama a gaba. Don burga na cire shi, na ɗaura kujeru biyu na motar wani Bature.

Ranar kasuwar Ajingi, ejan sayen gyaɗa da nake yi wa dako ya hakimce a gaba. Baba, mahaifina, ya leƙo zai shiga, babu wurin zama a tsakiya.

Na ce, "Baba, ku hau baya mana, ya fi iska."

Ya shafa kujerar. "Ta yi kyau, Sule. Ku je, zan tako."

Har ya rasu bai ƙara shiga motata ba. Ejan kuwa, kaka ɗaya ya sauya direba.

Ku fa, wa kuka taɓa saukewa saboda baƙo?