Littattafan Malama Rabi ba za su naɗe tsire ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina shirin fita aiki aka kira ni daga Bunkure: Malama Rabi ta rasu.

Ita ta koyar da ni a firamare, kuma a ɗakinta na fara ganin littattafai jere har rufi. Ba ta tambayar yarinya 'yar gidan wa ce. Ki wanke hannu, ki ɗauka, ki dawo ki ba ta labarin abin da kika karanta. In kika yi mata ƙarya sai ta yi dariya ta ce, "Koma ki ƙarasa."

Shekarar da kanal ta ruwan noman rani ta ɓalle ruwa ya shiga unguwarsu, kowa yana shanya shinkafa, ita tana shanya littattafai a kan tamfal, shafi-shafi.

Da idonta ya yi rauni na kai mata na'urar karatu, irin mai ɗauke da littattafai rututu a ciki. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Hadiza, wannan littafin naki ba shi da ƙamshi."

Sai na ƙara mata girman rubutun.

Ta karanta shafi guda cur ba tabarau, tana share hawaye da gefen mayafi. Tun daga ranar ko mai cajin waya na bakin kasuwa ya san na'urar Malama.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne. Na tsokane ta na ce, "Malama, to wa ya ci, takarda ko sikirin?"

Ta ce, "Wannan ta idona ce ni kaɗai. Waɗancan littattafan na yaran gari ne. Yarinyar da aka hana ta riƙe waya, ai ba a hana ta riƙe littafi."

Yau, ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, wani dattijo cikin dangin mijinta ya shigo gaisuwa, na ji yana cewa ɗakin nan zai yi kyau da ajiyar albasa. Wai takardun a ba masu tsire, tunda yanzu komai yana waya.

Na durƙusa na ce, "Baba, da girmanka, amma wallahi ba za a yi haka ba."

Ya ce ni wace ce a gidan? Kafin in amsa, Zainab, babbar 'yar Malama, ta tashi ta damƙa mini makullin ɗakin a gabansa.

Ni ma a sikirin nake karatu, kada wani ya zo yana koya mini zamani. Amma ku nuna mini yarinya nawa a ƙauyukan Kura da Bunkure ke da na'ura, da wutar caji, da data. In an gama zaman makoki zan buɗe ɗakin nan duk Asabar, wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci. Duk wadda ta taɓa aron littafi a wajen Malama, ta zo mu share, mu kori gara.

Allah Ya jiƙan Malama, Ya haskaka kabarinta, Ya sa duk harafin da ta koyar ya zame mata sadaka mai gudana. Don Allah kada ku wuce ba ku yi mata addu'a ba.