Gwaggo a Ƙarshen Layi

Jiya magina suka yar da kwanon sarki a kan tsakuwa a bayan gidana. Ƙarar ta mayar da ni Jos, lokacin ina 'yar makarantar elementare, ana tsakiyar haƙar kuza.

A hannun Gwaggo, yayar mahaifina, na taso. Tana cikin matan da ke ɗauko ƙasa a ka daga ƙasan rami zuwa wurin wanki. Idan an tashe mu nakan kai mata abinci, in zauna kan dutse. Ban iya gaishe da mutane da ƙarfi ba, amma ina da kallo.

A jere suke hawowa, ƙafafunsu jawur da laka. Heluma, mai kula da su, yana tsaye a bakin rami cikin tsohon kwat ɗin soja. Dokarsa ɗaya ce: wadda ya saba gani a ƙarshen layi, ita zai sallama.

Da damina wata mata ta zo daga wani ƙauye wajen Vom. Mijinta ya rasu, ga ciki ya fara fitowa. Tana hawa tana haki, kullum a baya. Sai na ga Gwaggo, wadda ba mai rigan ta fitowa, ta tsaya tana gyara gammo. Ta gyara, ta sake gyarawa, har matar ta wuce, sannan ta bi ta. Washegari ma haka.

"Yaya, wannan gammo naki gado ne?" in ji wata, aka kwashe da dariya. "Ko kin tsufa ne mu nemo miki sanda?"

"Ku dai ku tafi," in ji Gwaggo.

Mai cikin ta waiwayo a hankali, ta yi magana da Hausarta da ba ta nuna ba. "Mama, oga zai kore ka."

"Duba gabanki, akwai santsi."

Gwaggo ba ta taɓa ce wa kowa ta yi kamarta ba. Amma wata rana mai tsokanar nan ta tsaya cire ƙaya, ni kuwa na ga babu ƙaya a ƙafar. Bayanta wata ta tsaya ɗaura zane. Haka suka riƙa karɓa-karɓa, yau wannan, gobe waccan.

Sai dai sun makara. Fuskar Gwaggo ce ta riga ta zauna a idon heluma. Da aka zo rage ma'aikata, ita ya fara nunawa. Ta wanke kwanonta tas, ta kife, ta kama hannuna. Hannun sanyi ƙalau, muka taka har gida.

Mai cikin ta ci gaba da aiki har ta haihu, sauran suna tare mata baya. Gwaggo ta koma gasa masara a bakin hanya, tari ya kama ta, ba ta ga wata daminar ba. Ranar jana'iza matan rami suka cika tsakar gidanmu, laka ba ta bushe a ƙafafunsu ba.

Ramin yanzu ya zama tafki, ruwansa kore. Ni ma na kai shekarun da ƙafa ke nauyi. Idan na je asibiti karɓar magani, kowa sauri yake, a ture ni a wuce. Nakan isa a ƙarshe da sandata, in waiwaya. Babu kowa a bayana.